Tsohuwar bindiga, sabon noti: yadda ake rarrabe kayan asali da na kwaikwayo

A kasuwar tsofaffin bindigogin farauta ta Ingila da Amurka, da wuya a sami bindigar da ta haura shekara 100 ba a taɓa canza mata komai ba. Don aiki aka ƙera su. Ruwan sama ya doke su, sun faɗi a kan dutse, katakonsu ya tsage, magada sun rage musu tsawo don su dace da kafaɗarsu. Shi ya sa tambayar da sabon shiga ke yi, wai ta asali ce ko jabu, ba ta kai ko'ina. Masu ido a harkar abin da suke son sani shi ne wane ɓangare aka canza, a wane zamani, hannun wa ya canza shi, kuma mai sayarwa ya faɗa ko ya yi shiru.

Canjin ma ba iri ɗaya ba ne. A ce bindigar kamfanin Purdey ta 1890 ta koma Landan bayan shekara 30, kamfanin da kansa ya sa mata sabon bututu ya rubuta a kundinsa. Wannan bai zama aibi ba, ya shiga tarihin bindigar. Akwai kuma kayan kwaikwayo da ake ƙerawa yau, ana sayar da su a fili ga mai son gyara tasa, ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Sai wanda aka ƙera musamman don a yaudari mai saye, aka tsufar da shi da gangan. Amma wanda ya fi wahalar da masana shi ne na tsakiya: kayan da aka ciro daga wata tsohuwar bindiga ta kamfani ɗaya da zamani ɗaya. Ƙarfensa na lokacin ne, tsatsarsa ta gaskiya ce, sai dai ba a wannan jikin aka haife shi ba.

Abin da ya sa ake iya kama irin wannan shi ne yadda aka ƙera bindigogin tun farko. Manyan bindigogi masu baki biyu na Ingila aikin hannu ne. Ko da tsarin cikinsu ɗaya ne, kamar na Anson da Deeley da kamfanin Westley Richards ya fito da shi a 1875, ko na Frederick Beesley da Purdey ya ɗauka a 1880, kowane ƙarfe sai an goge shi da magagari har ya zauna a wannan bindigar ita kaɗai. Maƙerin zai shafa wa ƙarfen baƙin hayaƙin fitila, ya rufe, ya buɗe, ya duba inda baƙin ya goge, ya ɗan rage wurin, ya sake rufewa, haka har sai gashi ma ba zai shiga tsakaninsu ba. Idan aka kawo ƙarfen wata bindigar, ko dai ya bar ɗan rata, ko kuma a ga sabuwar gugar magagari tana sheƙi a wurin da duk kewayensa ya yi duhu.

Daga nan sai lambobi. Kamar yadda mai sayen mota ta hannu ke gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke cikin takarda, haka ake yi a nan. Kamfanin Parker na garin Meriden a jihar Connecticut, wanda kamfanin Remington ya saya a 1934 kuma aka daina ƙera bindigoginsa a 1942 bayan an yi kimanin 242,000, yakan buga lamba ɗaya a uwar bindigar (wato ƙarfen tsakiya da ke haɗa bututu da katakon baya), da ƙarƙashin bututu, da ƙarfen katakon gaba, da ƙarfen da ke kare kunama, har da jikin katakon baya a wurin da wannan ƙarfen ya rufe. Lamba ɗaya ta saɓa, an gama magana. Sai dai 'yan damfara ma sun san haka, don haka dacewar lambobi ba ta wadatar. Ana duba siffar alƙaluman: duk da turmin bugu ɗaya aka buga su? Idan alƙalamin 3 yana da ɗan tsaguwa a uwar bindiga, ya kamata a ga tsaguwar a bututu. Sabon bugu yakan ɗago ƙarfe a gefen lambar, yatsa na jin kaifinsa, tsoho kuwa ya lafe. Inda aka goge tsohuwar lamba aka buga wata, wurin yakan ɗan lotsa, kuma hasken fitila daga gefe yana nuna shi.

Bindigogin Ingila suna da wata shaida da na Amurka ba su da ita, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi a duk wannan bincike: hatiman gidan gwaji. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami izinin sarauta tun 1637, gidan gwaji na Birmingham kuma majalisar dokoki ta kafa shi a 1813. Doka ta wajabta a kai kowane bututu can a harba shi da abin da ya fi nauyin harsashinsa na yau da kullum, in ya tsira a buga masa hatimi a shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙarƙashinsa. Sayar da bindigar da ta fita daga ƙa'idar gwajinta laifi ne a Birtaniya har gobe. Amfanin wannan ga mai bincike shi ne hatiman sun yi ta canzawa da zamani. Rubutun NOT FOR BALL, da ake bugawa a bututu mai matsattsen baki, daga 1875 zuwa 1887 kawai aka yi amfani da shi. Tsawon ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu, sai daga 1925 aka fara buga shi a matsayin ƙa'ida. Dokokin 1954 suka kawo rubuta faɗin bututu da ɓangaren inci, kamar 0.729 ga bututu mai girman lamba 12, da ƙarfin matsi da tan. Daga 1989 aka koma milimita. Kambi a kan harafin R yana nufin an sake gwada bututun daga baya.

To, a ce kundin kamfani ya nuna an sayar da bindiga a 1882, amma bututunta ba ya ɗauke da komai sai hatiman bayan 1954. Ba sai an yi musu ba, bututun ba na ranar farko ba ne. Idan kuwa tsofaffin hatiman suna nan, sababbi na gefensu, to tsohon bututu ne aka mayar gwaji, galibi don a tabbatar yana ɗaukar albarushi marar hayaƙi, ko don an faɗaɗa ɗakin harsashinsa daga inci biyu da rabi zuwa inci biyu da kwata uku. Hatimin kuma kan tona asirin suna. A ƙarshen ƙarni na 19, masana'antun birnin Liyej na Beljiyam sun cika kasuwar Amurka da bindigogi masu araha da aka rubuta wa sunaye irin su W. Richards ko T. Parker, don mai saye ya ɗauka na manyan kamfanonin nan ne. A cire katakon gaba a juya bututun, sai ga haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, hatimin Liyej, wanda aka ƙara wa kambi daga 1893. Waɗannan tsofaffi ne na gaske, jabun nasu ne ya tsufa.

Bututu shi ne inda kuɗi ya fi yawa, kuma shi ne inda ake fin ɓoyo. Tun wajen shekarun 1950 maƙeran Ingila suka fito da dabarar dashe: idan bututu ya sirance ko tsatsa ta ci shi, sai a yanke shi a bar kimanin inci uku na gindinsa, a rarake wannan gindin, a cusa sababbin bututu a ciki. Gindin da ya rage shi ne mai ɗauke da tsofaffin hatimai da lamba, don haka wanda ya tsaya a hatimi kawai zai ruɗu. A dashen da, ana ganin wani siririn layi ya zagaye bututun inda tsoho da sabo suka haɗu. Da waldar zamani layin na iya ɓacewa ɗungurum, sai dai a lura da ɗan bambancin launi tsakanin ƙarafan biyu a hasken rana. Ƙa'ida ita ce a mayar da irin wannan bindiga gidan gwaji, a buga mata kalmar SLEEVED. Wanda ya yi dashen a wajen Birtaniya kuwa babu mai tilasta masa.

Sai bututun Damaskas, wanda ake yi ta hanyar murɗa siraran ƙarafa iri biyu, a naɗe su a jikin sanda, a yi ta duka da wuta har su zama ɗaya. Zanen da ke fitowa a jikinsa kamar igiyar ruwa cikin ƙarfen yake, ba shafe ba ne. An yi ha'inci da shi ta fuska biyu. A zamanin da yake tashe, masu araha sun riƙa zana kamanninsa a kan ƙarfe na gama-gari. Irin wannan zane ba ya ci gaba a wuraren ɓoye, kuma in ya goge ya tafi ke nan, alhali na gaske ko an goge shi yana dawowa idan aka ɗiga masa ɗan sinadari mai tsami. Da mutane suka fara tsoronsa bayan zuwan albarushi marar hayaƙi, sai aka koma shafe shi da baƙi don ya yi kama da ƙarfen zamani. A ƙarƙashin katakon gaba ake kama wannan, inda zanen kan leƙo ta cikin baƙin.

Yanke baki ma ya zama ruwan dare. Bindigar da aka ƙera da inci 30 sai a same ta da 28 ko 26, saboda bakin ya lotsa ko wani mai ita ya fi son gajere. Matsewar da ake yi wa bututu don harsashi ya tafi a dunƙule a 'yan incin ƙarshe take, don haka yanka na tafiya da ita. A bindigogin Parker, zanen da ke bin doron ƙarfen da ke tsakanin bututun biyu yakan tsaya kafin ƙarshe ya bar ɗan fili. Idan zanen ya zarce har bakin, masu tara Parker sukan ɗauka an yanke, sai in kundi ya nuna akasin haka.

Katako ya fi ƙarfe saurin faɗin gaskiya, don yana motsi da shekaru. Tsohon katakon walnat da ya yi shekara 100 manne da ƙarfe yakan sha mai a wurin haɗuwarsu ya yi duhu, kuma shatin ƙarfen na fita a cikinsa daidai wa daida. Sabon katako ciki yake nuna ƙuruciyarsa: a kwance shi a ga farin itace, ko gam na zamani da aka cike rata da shi. Katakon da ya nutse ƙasa da gefen ƙarfe alama ce ta an sha goge shi da takardar yashi, domin daga masana'anta yakan ɗan ɗara ƙarfen ne. Ƙananan layukan da ake yankawa a wurin riƙo don kada hannu ya zame, na asali sun lafe a inda tafin hannu ke zama, sun fi kaifi a inda hannu ba ya kaiwa. Idan kaifinsu ɗaya ne ko'ina a bindigar da ƙarfenta ya goge fari, an sake yanka su. Akwai kuma siffa: yawancin bindigogin Amurka na ƙarni na 19 gindin katakonsu ya fi sunkuyawa ƙasa, wasu har kusan inci uku, saboda yadda mutanen lokacin ke harbi da kai a ɗage. Tsohuwar bindiga mai miƙaƙƙen gindi irin na yau tana bukatar bayani.

Ƙananan kaya su ne aka fi yi wa kwaikwayo, don su suka fi ɓata. Murfin gindin bindiga na da, da ƙaho ake yi ko da busasshiyar roba. Ƙaho yana da jijiya idan aka duba da madubin ƙara girma, kuma ƙwari na cin sa. Tsohuwar roba tana rikiɗa daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, in an murza ta da yatsa har ta yi ɗumi sai ta ba da warin farar wuta. Na kwaikwayo zubi ne da aka ɗauko daga jikin na asali, don haka yakan ɗan fi shi ƙanƙanta, zanensa ya dusashe, bayansa sumul ko da ƙananan ramukan kumfa. Murfin Parker mai hoton kan kare yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. A bindigogi masu 'yan guduma biyu a waje, gudumar ce ke yawan karyewa; a jera su a kalle su ta baya, idan tsawo ko zane ko lanƙwasa ya bambanta, ɗaya baƙuwa ce. Ƙarfen zubi na zamani yana barin siririn layin mazubi da fata mai ɗan kaushi a wuraren da ba a goge ba. Notuna kuwa, na asali tsaginsu siriri ne ƙwarai, an daidaita su duk suna kallon tsawon bindigar idan an ɗaure, kuma zanen da ke kansu yana haɗuwa da na kewayensu.

Sai dai a yi hattara da ɗaukar gugar hannu a matsayin shaidar asali. A da, Birmingham da Liyej sun daɗe suna aiko da bindigogi Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya san maƙeranmu ya san suna iya ƙera wa bindiga kunama ko sifirin daga guntun ƙarfe ba tare da inji ba. Bindigar da ta yi rayuwarta nesa da masana'anta za ta iya ɗaukar kayan hannu, tsoho kuma, wanda bai taɓa ganin Ingila ba.

Launi wani fage ne. Kalolin shuɗi da ruwan ƙasa da ake gani a uwar bindiga suna fitowa ne lokacin da aka gasa ƙarfen cikin gawayin ƙashi aka tsunduma shi a ruwa don fatarsa ta yi tauri. Hannu da rana suna cinye su, sai su rage a lunguna kawai. Don a sake su dole a goge ƙarfen, gugar kuma tana cin zane da haruffa. Saboda haka launi mai ƙyalli a kan zanen da ya lafe ba ya tafiya daidai. Masu ha'incin gaggawa da harshen wutar walda suke yi, sai launin ya fito ɗigo-ɗigo da zobba. Baƙin bututu na da, a hankali ake samar da shi ta hanyar sa ƙarfen ya yi tsatsa, a tafasa, a goge, a maimaita. Hanyar zamani ta tsoma shi cikin tafasasshen sinadari tana cin dalmar da ta haɗa bututun biyu. Shi ya sa ake rataye bututu a ɗan ƙwanƙwasa shi: lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, wanda dalmarsa ta saki sai ya yi ƙara a dushe.

Inda ramin ƙarya ya fi ƙurewa shi ne wurin da kuɗi ya ninka saboda suna ko tarihi. Winchester samfurin 1897, wadda John Browning ya tsara, an yi fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a 1957, kuma ta farauta ba ta da tsada. Amma irin wadda sojojin Amurka suka riƙe a ramukan yaƙin duniya na farko, har Jamus ta yi ƙorafi a kanta a watan Satumba na 1918, farashinta wani abu ne daban. Tana da bututu inci 20, da garkuwar zafi mai huji-huji a samansa, da wurin maƙala wuƙa. Garkuwar ta farko layin huji shida gare ta, a 1942 aka mayar da ita huɗu. Na yaƙin farko jikinsu ba ya rabuwa biyu, na yaƙi na biyu yana rabuwa. Mai ha'inci zai sami ta farauta, ya yanke bututun, ya sa garkuwar kwaikwayo, ya buga haruffan U.S. da hoton bom mai harshen wuta. Sau da yawa abin da ke tona shi rubutun matsewar baki ne da ya rage a jikin bututun: na soja CYL ke rubuce, wato marar matsewa, na farauta kuwa galibi FULL. Ga kuma kwaikwayon bindigar sukutum da kamfanin Norinco na Chaina ya yi, wanda kayansa kan ɓulla a jikin na asali.

Parker ma haka. Darajojinsa sun taso daga Trojan mai araha har zuwa A-1 Special da Invincible, kuma ana buga lambar daraja a uwar bindiga, misali 3 ga darajar D. Ƙwararren mai zane na iya ɗaukar ta ƙasa ya cika ta da ado, ya sa mata katako mai kyau, ya canza lambar darajar. Abin da ba zai iya canzawa ba shi ne kundin masana'anta. Ƙungiyar masu tara bindigogin Parker tana ba da wasiƙa daga tsofaffin kundayen da suka rage, gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wyoming yana yin haka ga Winchester da Marlin da L.C. Smith, Purdey da Holland & Holland kuma suna riƙe da nasu. Wasiƙar kan faɗi daraja, da tsawon bututu, da ranar fita, wani lokaci da ma'aunin katako. Ita ma takarda ce, ana iya buga ta jabu, don haka mai hankali shi yake nema da kansa daga tushe. Kada kuma a haɗa wannan da bindigogin Parker Reproduction da aka ƙera a Japan a shekarun 1980. Su sunansu a jikinsu yake, kuma suna da masoyansu.

Ingilawa da Amurkawa ba su kallon duk wannan da ido ɗaya. A Ingila, mayar da bindiga wurin maƙeri a sabunta baƙin bututunta ko a sake mata katako kula ce ta yau da kullum, muddin hannun gwani ne ya yi. A Amurka, masu tarawa suna lissafa kaso nawa na launin asali ya rage, kuma bindigar da ta goge amma ba a taɓa ta ba takan fi wadda aka gyara tsaf tsada. Ni dai ina ganin na Ingila sun fi kusa da gaskiyar abin, saboda dalili ɗaya mai nauyi: asali da lafiya ba kullum suke tafiya tare ba. Bututun Damaskas da ba a taɓa canzawa ba yana iya zama kyan ɗan maciji. Idan an sha rarake cikinsa don a kawar da ramukan tsatsa, bangonsa ya sirance, daga waje kuwa ba abin da ya nuna. 'Yan kasuwar Ingila ba sa son ganin kaurin bango ya gaza 0.020 na inci, kuma bututun da faɗinsa ya ƙaru da 0.010 na inci a kan abin da hatimin 1954 ya nuna ya fita daga gwaji. Bindigar da aka yi wa dashe ta rasa wani kaso na kuɗinta, amma ana iya fita daji da ita. Wadda komai nata na asali ne, mai siririn bango, wurinta jikin garu.

Wannan ba ido ke gane shi ba, sai ma'auni. Gidajen gwanjon bindigogi na Birtaniya sukan rubuta faɗin kowane bututu da kaurin bangonsa da matsayin gwajinsa a cikin kundin gwanjo, kuma su ambaci dashe ko sabon katako in sun gani. A Amurka al'adar da aka saba ita ce a ba mai saye kwana uku ya duba, ba tare da ya harba ba, ya mayar in bai gamsu ba. A cikin kwanakin nan ne ake kai ta wurin maƙerin da ya san tsofaffin masu baki biyu, ya cire katakon gaba, ya kwance ƙarfen kunama, ya sa ma'auni a cikin bututun, ya gwada abin da ya gani da abin da mai sayarwa ya rubuta.